Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga matasan teloli: kada ku sayar da kekenku

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena masu sana'ar ɗinki a Kano da sauran garuruwanmu, maza da mata, da waɗanda suka kama shagon kansu da waɗanda har yanzu suke koyo a gaban maigida.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, abin da ya sa na rubuto muku shi ne yawan kekunan ɗinki da nake gani ana ɗaurewa a bayan babur ana kai su kasuwa. Keke lafiyayye, fentinsa ma bai gama fita ba, sai ka ji an sallama shi a rabin kuɗinsa. In ka tambayi mai shi, amsar kusan ɗaya ce: "Baba, sana'ar ta mutu." Wani zai ce POS zai buɗe, wani yana haɗa kuɗin mota zuwa Agadas, wani kuwa bai ma san abin da zai yi da kuɗin ba, shi dai ya gaji. Wannan na ƙarshen na fi tausaya wa, kuma domin shi na fi yin wannan wasiƙa.

Ba zan raina wahalarku ba, don tare muke shan ta. Tun 2020 ba mu samu shekara guda cikakkiya da muka numfasa ba. A watan Afrilun shekarar aka kulle Kano saboda korona, kullen ya haɗiye azumi, watan da tela yake tara abin da zai riƙe shi rabin shekara. Aka yi Sallah babu hawa, mutane da yawa suka maimaita tsohuwar riga. A Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, waɗanda suke ba mu kaya bashi su ma suka koma neman mai ba su. Farkon 2023 sai canjin kuɗi: mai kaya yana da kuɗi a banki amma ba zai iya miƙo maka naira dubu biyu ba, a tura ta waya ta maƙale, ka aiki yaro layin ATM ya yini ya dawo hannu rabbana. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris kafin tsofaffin takardun suka fara dawowa hannun jama'a.

Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu, saura wata guda Babbar Sallah, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Wanda ya san abin da ƙaramin janareto yake sha daga magariba zuwa asuba a goman ƙarshe na azumi ya san abin da wannan lissafi yake nufi. Dala kuma, wadda take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, alhali kusan duk abin da ke kan teburinmu daga waje yake zuwa, tun daga allura da zif har shaddar kanta. A tsakiyar wannan aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da ke zuwa sari da ɗinki suka ɗauke ƙafa, sai Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ga zanga-zangar Agustan 2024 da dokar hana fita, ga duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa fiye da mako guda a Oktoban shekarar bayan layukan da ke kawo mana wuta sun lalace. Duk wannan babu ko ɗaya da tela ya jawo, kuma babu ko ɗaya da ya tsallake shi.

Amma ku lura da abin da irin wannan zamani yake yi wa mutum. Rashin kuɗi mun saba da shi, iyayenmu ma sun sha shi. Abin da ya fi cin rai shi ne ka kasa sanin gobe. Ka yi wa mai kaya kuɗin ɗinki yau, jibi ka je sayen zare ka tarar ribar ta tafi. Ka tsara aikin mako, a ɗauke wuta. Ka yi tanadi, rashin lafiya ta shigo gida. Idan abu ya yi ta rushewa a hannun mutum, wata rana sai ya daina ginawa. Ya tashi da safe jikinsa lafiya lau amma ƙafa ta ƙi ɗaukar sa zuwa shago. In ya je ma, sai ya zauna a benci ya dulmiya cikin waya har la'asar, kayan mutane na rataye suna kallon sa. Wannan ita ce mutuwar zuciya, kuma ta fi tsadar fetur haɗari a kanku.

Da yawanku kuna jira ne zuciya ta dawo sannan ku koma kan keke. Shekarun da na yi a sana'ar nan sun nuna mini cewa akasin haka abin yake tafiya: hannu ne ke jan zuciya. Ranar da ba ka jin yin komai, ranar ce ta fi wajaba ka buɗe shago a lokacin da ka saba buɗewa. Ka share, ka kakkaɓe ƙurar keke, ka ɗiga masa mai, ka zare allura ka duba ta. In babu aikin kowa, ka jawo buhun ƙyallaye ka ɗinka wani abu: wandon yaro, jakar allo, rigar matashin kai, ko ka yi ta gwada irin aljihun nan ko wuyan nan da kullum yake ba ka wuya. Kafin azahar za ka ga abu a hannunka wanda da safe babu shi, kuma kai ka yi shi. A lokacin da farashi da wuta da iyaka duk suka fi ƙarfinka, wannan ɗan abin da ka gama yana tuna maka cewa akwai sauran abin da yake hannunka. Ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Malamai sun fi kawo shi a babin ibada, amma ni na ga gaskiyarsa a kan teburin yanka.

Akwai kuma amfanin da ido ke gani. Mai kaya ba ya ƙwanƙwasa rufaffiyar ƙofa. In ya zo sau ɗaya ya tarar da kwaɗo, ya sake zuwa ya tarar da kwaɗo, ya tafi ke nan, kuma ba zai gaya maka ya tafi ba.

A makon duhun nan na Oktoba na ga bambanci tsakanin shaguna biyu a layinmu. Ɗaya na samari ne masu hazaƙa, duk injinansu na wuta ne, a kansu suka koya, ba su taɓa taka feda ba. Da wuta ta ƙi dawowa, fetur kuma ya gagara, sai suka jera kujeru a waje suna zagin gwamnati, kuma ban ce ba su da hujja ba. Ɗayan shagon na wani yaro ne da ya gaji tsohon keken Butterfly na mahaifinsa, an jingine shi a lungu an ɗora masa kaya. Ya sauke kayan, ya wanke kan keken da kananzir, ya nemo igiyar da ke haɗa feda da kai, ya ja shi bakin ƙofa inda haske yake. Ya aro dutsen guga na gawayi a wurin mai wanki, yana hura shi da murfin kwali, yana gwada zafinsa a kan ƙyalle kafin ya ɗora a kan shaddar mutane. Aikin wuya da ke buƙatar injin wuta ya ware gefe, ya kira masu su ya gaya musu gaskiya, biyu daga ciki suka yarda a kai wa masu surfani na hannu. Bai yi rabin abin da ya saba yi ba, ƙafarsa kuma ta kumbura. Amma kayan makarantar da aka kawo masa sun fita a kan lokaci, kuma iyayen yaran nan har yau shi suke kai wa ɗinki. Don haka duk wanda bai iya keken ƙafa ba ya koya, wanda yake da shi a gida kada ya bari a sayar wa 'yan gwangwan.

Sai maganar raina ƙaramin aiki. Na san burin kowane matashin tela ya zama sai gezna da manyan yadika yake taɓawa, a ɗauki hoto a sa a Instagram. Buri ne mai kyau, Allah ya cika. Amma ku tuna masu kawo muku ɗinki su ma wannan guguwar ce ta buge su. Magidancin da yake ɗinka kala uku da Sallah yanzu ɗaya yake yi, ko ya haƙura ya yi wa yara. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Gyara da faci da rage riga da sauya zif da daidaita kayan gwanjon da aka saro a Ƙofar Wambai, su ne suke kawo kuɗin cefanen yau, kafin babban aiki ya zo.

Kwanakin baya, ana saura kaɗan Sallah, wata baiwar Allah ta shigo da ƙulli a hijabinta. Ta kwance, sai ga zani da riga na atamfa, irin ta da mai nauyi, da gani na lefenta ne. Murya ƙasa-ƙasa ta ce ko za a iya fitar wa 'yan matanta biyu riguna a ciki. Yaron shagona da ke kusa da ita ya fara yamutsa fuska, na karɓa. Muka farke ɗinkin da reza a hankali don kada a ci yadin, muka goge, muka shimfiɗa. Wurin da ya koɗe a mazauni muka jefa shi cikin kalmasa da bayan wuya inda ba a gani, inda zanen ya fi fitowa muka ajiye shi a gaba, hannuwan suka fito daga tsohuwar rigar. Riguna biyu suka fita har da ɗan kwali ɗaya. Aikin ya fi ɗinka sabon turmi cin lokaci, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Amma yaron nan ya koyi yadda ake auna yadi da ido a wannan yinin fiye da abin da ya koya a wata guda, matar kuwa ta turo mana maƙwabtanta. A irin wannan lokaci, telan da ya iya rufa wa mutane asiri ba zai rasa aiki ba.

Yanzu bari in taɓo inda yake mana ciwo. Sunanmu ya riga ya ɓaci a kan alkawari, har an mai da "alkawarin tela" abin zolaya. Lokacin ƙunci kuwa shi ne lokacin da jarabar ta fi ƙarfi: ka karɓi kafin alƙalami na mutum goma alhali aikin biyar za ka iya, ka cinye kuɗin a cefane, ranar karɓa ka kashe waya. Na san yunwa ce take sa haka, ba mugunta ba. Amma kuɗin kafin alƙalami ba naka ba ne sai ka gama aiki. Ku sayi littafi, ku rubuta sunan mai kaya da awonsa da abin da ya bayar da ranar da kuka ɗauka masa. Kuɗin zare da kayan aiki ku ware shi daban tun a ranar. In littafi ya nuna aiki ya cika, ku ce ya cika, ko da mai kaya zai yi fushi. Fushin wanda ka ce wa "ba zan iya ba" na kwana ɗaya ne, na wanda ka hana shi rigar Idi kuwa har 'ya'yansa sai sun gada. In kuma farashin kaya ya tashi bayan kun yi ciniki, ku kira shi tun kafin ku sa almakashi. Jari yana iya karyewa a dawo da shi, amma in unguwa ta yanke cewa kai ba mai amana ba ne, sai dai ka tashi.

Wannan tara aikin da ya fi ƙarfi shi ne kuma ƙofar da ƙwaya take shigowa shagunanmu. Kowa ya sani, ba a dai son faɗa. Yaro zai kwana uku bai runtsa ba a goman ƙarshe, wani ya miƙo masa tiramadol ya ce zai ƙara masa ƙarfi. Sallah ta wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma hani bai hana shi yawo a lunguna ba. Na ga hannun da yake fitar da layi kamar an ja da rula ya koma rawa har ba ya iya zura zare. Ku yi barci, 'ya'yana. Rigar da aka ɗinka da idon da bai yi barci ba, farke ta ake yi.

Game da neman kuɗin gaggawa ba zan tsawaita ba, don kun fi ni sani. Kun ga yadda aka yi watanni a 2024 ana dangwalar waya da sunan mainin, wato haƙar kuɗin intanet, mutum ya ajiye almakashi yana tara maki, da ranar fashewa ta zo abin da yawanci suka samu bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. Kun ga masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu, da yadda suke ɓacewa dare ɗaya. Masu tafiya kuma, ba na hana kowa neman arziki a wata ƙasa, Bahaushe ɗan fatauci ne tun asali, kuma akwai telolinmu da suka yi suna a Yamai da Kumasi da Makka. Amma su da sana'arsu suka tafi. Wanda ya sayar da keke ya bi hamada ba takarda, in aka kwaso shi daga Aljeriya aka zube a kusa da Assamaka, garin Nijar da ke kan iyakar ƙasashen biyu, zai dawo gida ba keke, ba kuɗi, ga bashi. In har tafiyar ta zama dole, ka bar keken a hannun ɗan uwa, ka san akwai abin da za ka dawo ka tarar.

Ina faɗa muku wannan ne a matsayin wanda ya ga irinsa a baya. Mun ga canjin kuɗi na 1984 da rufe iyakokin da ya zo da shi. Mun ga tsarin SAP na tsuke bakin aljihun gwamnati daga 1986, lokacin da albashin ma'aikaci ya daina kai shi ƙarshen wata. Mun ga masaƙun Kakuri a Kaduna suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, KTL a 2002, UNTL a 2007, na Sharaɗa da Bompai a nan Kano su ma suka bi sahu, dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. Mun ga Kano bayan harin 20 ga Janairun 2012, lokacin da magariba take yi kowa ya kulle. A kowane ɗaya an ce sana'a ta mutu. Yawancin masaƙun ba su dawo ba, wannan gaskiya ne, kuma rashi ne babba. Amma daga cikin ma'aikatansu, waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu wata sana'ar hannu da za su koma wa. Muddin ana haihuwa ana suna, ana aure, ana Sallah biyu a shekara, ana buɗe makarantu, har ranar da za a yanka wa mutum likkafani, ana buƙatar mai almakashi.

Kada kuma wani ya ɗauka haƙurin da nake kira a kai shi ne a naɗe hannu a yi shiru. Wahalar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya, taro ake yi mata. Shaguna huɗu a layi ɗaya kowa da janaretonsa yana ƙona mai, alhali ɗaya mai ɗan ƙarfi zai ɗauke su duka. Ku yi adashe ku haɗa sola ko da ta fitila da fanka ce da keke ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa. Ku haɗa kuɗi ku sari zare da zif da maɓalli katan-katan maimakon kowa ya je ya sayi ɗai-ɗai. Ƙungiyoyinmu na teloli su daina zama na karɓar kuɗin kati da rabon kalanda kawai. Su je wurin kamfanin wuta da ƙaramar hukuma da 'yan majalisa da murya ɗaya a kan wutar unguwannin masu sana'a da yawan harajin da ake bin shaguna da shi. 'Yan siyasa sun san hanyar shagunanmu in suna son a ɗinka musu huluna da riguna na kamfen, to su san ta kuma in mun zo da buƙata.

Iyayen gida, 'yan uwana, ku ma da ku nake. Lokacin ƙunci ba lokacin korar yara ba ne. In ba za ka iya ba yaro abin da ka saba ba, ka zaunar da shi ka gaya masa, ku raba ɗan abin da ya samu. Kuma mu daina ɓoye yanka. Yaro ya shekara huɗu yana guga da sa maɓalli da zuwa sayen abinci, in za ka yanka sai ka aike shi, don kada ya iya ya tafi. Wannan yaron shi ne gobe zai ce sana'ar ba ta da amfani, kuma mu muka sa shi faɗa. Mata masu ɗinki a cikin gida, waɗanda da yawansu su ne suke riƙe da tukunyar gidan yanzu, in aiki ya yi mana yawa mu tura musu, mu biya su daidai da yadda za mu biya namiji.

Ku kuma sa ido a kan junanku. In abokin aikinka da ya saba surutu ya yi shiru, ya daina cin abinci tare da ku, ya daina zuwa masallaci, ko ya fara cewa shi rayuwar ma ta ishe shi, kada ku ce raki ne ko ƙarancin imani. Ku je gidansa, ku zauna da shi, ku sanar da wani babba da yake jin maganarsa. Damuwa in ta yi nauyi cuta ce da ake magani, akwai likitocinta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai su a Dawanau. A yi addu'a, a kuma kai shi.

Wanda kuma ya riga ya sayar da kekensa, yanzu yana jin kunyar biyowa ta layin, ina roƙonsa ya zo. Kusan kowane shago akwai keken da yake hutawa da safe ko bayan isha'i. Ya sami tsohon maigidansa ko wani abokinsa su yi yarjejeniya, ya riƙa ɗinki a kai yana ba da wani abu a kan kowace riga, ya shiga adashen layi, ya karɓi gyara da kayan makaranta, har ya haɗa kuɗin na hannu. Mu kuma da muke da shagunan, in ya zo kada mu tsare shi da tambayar ina kuɗin suka tafi. Mu matsa masa a benci, mu miƙa masa almakashi.

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya kawo mana sauƙi.

Wassalam,
Ɗan uwanku, wani tsohon tela a Fagge, Kano